Yadda Za Ka Warkar da Matarka Daga Ciwon da Ba Ta da Shi

Kai sabon likitan tunani na birnin Vienna, ka bi matakan nan sau da ƙafa. Na yi maka alkawari ba sauran mai yi maka musu a gidanka. Ni Dakta Ottokar Wessely na gwada su a kan matata Hermine, kuma yau gidana tsit yake.

1. Ka tsayar da gemu

Ilimin bai taka kara ya karya ba. Duk abin da babba ke yi, tun yana jariri aka ƙulla shi. Mai surutu, an yi saurin yaye shi. Mai taurin kai, an takura masa a kan fo. Yarinya kuwa ubanta take so, tana kishi da uwarta. Ka haddace wannan a gidan shan gahawa, ka kunna sigari, ka riƙa lumshe ido. Kada ka yarda a tambaye ka yaushe aka yaye ka.

2. Ka fara da surukinka

Ranar Lahadi, idan yana tsotsar ɓargo a tebur, ka ce, "Baba, ba ƙashi kake tsotsa ba, nonon da aka hana ka ne." Nawa surukin ya ajiye ƙashin a hankali, ya ce, "Hermine, wannan ne likitan? Ai gara mai share bututun hayaƙi, shi ko ba komai da wanka yake tsarkaka." Ranar nan Hermine ta yi kuka har gida. Na ɗauka magani ne ya fara aiki.

3. Musu hujja ce

Idan ta amsa, ka yi daidai. Idan ta musa, ka fi yin daidai. Hermine ta ce ta yi mafarkin jirgin ƙasa.

Na ce, "Jirgin nan mahaifinki ne."

Ta ce, "Ottokar, jirgin zuwa garin Graz ne. Gidan yayata nake son tafiya. Na gaji da kai, wallahi na gaji."

Na jinjina kai. Ban taɓa ganin ciwon uba mai zurfin wannan ba.

4. Idan ta roƙe ka, ka yi gum

Wannan ne matakin gwanaye. Wata safiya Hermine ta shigo ɗakin aikina da akwati, ta zauna a doguwar kujerar marasa lafiya.

"Matan mutane kana sauraronsu wuni guda. Ni kalma ɗaya nake nema. Ka ce in zauna, in zauna."

Kalmar ta zo har bakina. Amma likita ba ya ba da amsa, tambaya yake yi. Na zagaya bayan kujerar yadda sana'a ta tanada, na gyara murya, na ce, "To, me wannan ya tuna miki?"

Ta ɗauki akwatinta ta fita. Ko ƙofar ba ta buga da ƙarfi ba.

Hattara

Duk abin da ya biyo baya, babu ruwan marubuci. Ka tuhumi wadda ta yaye ka. Ni dai kewar Hermine ta hana ni sakat, na bi ta har Graz. Ta leƙo ta taga ta ce, "Ba zan dawo ba, Ottokar." A ilmance, wannan na nufin tana hanya. Na ce wa kuku ta ci gaba da jera faranti biyu.