Shayi Uku a Tsakiyar Tsere

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga tseren gudu a Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya ba, ni da ko bas ban taɓa bi a guje ba. Lebura ne ni a unguwar Gataa El Oued, kullum buhun siminti a ka, sai na ɗauka gudu wasan yara ne. Na cika wa Hadiza, wadda nake nema aure a Damagaram, baki cewa za ta gan ni da lambar yabo a wuya. Yayanta Lawali, wanda muke ɗaki ɗaya, ya kwashe da dariya. Shi a ganinsa ban taɓa ƙarasa komai ba sai kwanon tuwo, kuma maganarsa ake ji a gidansu.

"Zan jira ka a ƙarshen hanya," in ji shi. "In kira ta a bidiyo ta gani da idonta."

Da farko abin ya yi daɗi. Bayan mun wuce Kasuwar Assihar, ƙirjina ya fara kukan tsohon babur. Ina cikin wannan hali na ji an kira sunana. Wani dattijon Buzu ne, mai gidan da muke ginawa, zaune a ƙofarsa da butar shayi kan gawayi.

"Ɗana, ka wuce ba gaisuwa? Zo, zamna."

Yaya zan yi? Na durƙusa muka gaisa, ya miƙo kofi. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san ba a shan na farko a tashi, sai an cika uku, kuma kowanne sai an sake dafawa a tsanake. (Gaskiya dai, ƙafafuna ba su yi gardama ba.) Ina zaune da lambar tsere a ƙirji, tsofaffi da masu tumbi suna wuce ni. Can sai ga motar asibitin da ke bin na ƙarshe ta tsaya. Direban ya jira, ya gaji, ya sauko. Shi ma aka ba shi kofi.

Haka na ƙarasa, ni kaɗai a titi, motar asibiti na bina a hankali, shayi na kaɗawa a cikina. Har an fara kwashe kujeru. Amma da aka rataya mini lambar yabon da ake ba duk wanda ya ƙarasa, sai da idona ya kawo ruwa, don wallahi na ji daɗi. Na ƙarasa!

Sai na ga Lawali ya ɗaga waya, Hadiza a ciki tana salati.

"Wayyo, hal da motar likita? Suma ya yi?"

Na buɗe baki zan karɓi wannan suman da hannu biyu, direban ya leƙo da guntuwar Hausarsa: "Babu suma, madam. Shayi. Uku!"

Lawali ya zauna daɓas a ƙasa don dariya. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Da ya farfaɗo ya share hawaye, ya ce mata, "Ki aure shi. Wanda bai iya ƙetare dattijo ba, ba zai ƙetare maganar baba ba."

Abin da na koya: kafin ka shiga tsere, ka fara tambaya ta ƙofar gidan wa hanyar ta bi.