Ranar Da Inji Ya Gudu Da Surukina

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da injin jirgi ya gudu da surukina a gaban mutanen Gashuwa ba, kuma ko na so in manta, akwai tsofaffi a bakin kogin da ba za su bar ni ba. Lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna, ni kuwa ina saurayi mai ji da kansa, don kawai na yi 'yan shekaru ina wanke ƙarafa a garejin manyan motoci kusa da tashar jirgin ƙasa ta Nguru. Maigidana wani Alhaji ne mai fataucin bandar kifi. Shi ya sayi wani tsohon inji a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu, aka ɗaura shi a gindin kwalekwale, ya ce in riƙa zagaya ƙauyukan bakin ruwa ina kwaso masa kifi zuwa Gashuwa, daga nan mota ta kai Nguru. Duk faɗin kogin babu mai irinsa. In na wuce, mata masu wanki sukan tsaya suna kallo, ni kuma in ƙara miƙe wuya (wuyan ma irin na zalɓe ne, ba abin nunawa ba).

Injin nan in ya ɗumama, ba ruwansa, sai ya wuni yana aiki. Da sanyin safiya ne yake nuna tsufansa. Sai ka buɗe famfon mai, ka sassauta murfin tanki don iska ta shiga, ka danna ɗan maɓallin kabureta har fetur ya ɗigo, ka rufe cok, wato ɗan marfin da ke rage wa injin iska, sannan ka naɗe igiya a kansa ka fizga da iyakar ƙarfinka. Fizgar ita ce magana. In ka ja a sanyaye, mai ya jiƙa fulogi, to ka nemi wurin zama. Igiyar kuwa ba a ɗaure take ba, in ta kuɓuce ƙullin bakinta yakan tsula wa duk wanda ke bayanka, gwiwar hannunka kuma ta biyo baya ta ƙarasa shi. Sannan ba shi da giya irin ta mota. Yana tashi farfela na juyawa, jirgi na tafiya, ko ka shirya ko ba ka shirya ba.

A wannan zirga-zirgar na ga wata yarinya a Dagona, na ji duk duniya ita nake so. Kawunnaina suka je gaisuwa. Mahaifinta dattijon masunci ne cikin Badawan garin, mutum mai ƙarancin magana (sunansa har gobe ba zai fito daga bakina ba, Baba kawai za ku ji). Ya ce musu shi bai ƙi ba, bai kuma amsa ba. Yana dai jin ƙarar injina tana korar masa kifi, amma hankalin mai injin ne bai gani ba tukuna. Da aka kawo mini wannan magana na kwana biyu abinci ba ya mini daɗi.

Ana nan sai ya zo cin kasuwar Gashuwa, ya kwana, ya aiko a ce mini in babu takura in rage masa hanya zuwa gida da safe. Na san ba rage hanya yake nema ba, mutumin da ya fi agwagwa sanin kogin. Auna ni zai yi. Na wanke kwalekwalen har ƙarnin kifi ya ragu, na shimfiɗa tabarma a can gaba inda ruwa ba ya fallatsa, na sa farar rigata ta Juma'a.

Da gari ya waye, sanyi har cikin ƙashi, tururi na tashi a kan ruwa, ya iso da buzunsa a kafaɗa. Na zube na gaishe shi kaina a ƙasa. Ya amsa, ya taka cikin jirgi, ya dubi tabarmata, ya wuce ta, ya zo ya shimfiɗa buzu a gindin jirgin, daf da inda nake zama. Ai mutumin da ya yi rayuwarsa yana tuƙi daga baya ba zai je ya zauna a gaba kamar amarya ba. Gemunsa ya zo daidai inda gwiwar hannuna take bi.

Wanda bai san kunyar suruki ba zai ce, to me ya hana ka ce ya matsa? A zamaninmu ko ruwa ba ka sha a gaban suruki, in kun haɗu a hanya ka saki hanyar ka shiga gona. Ni kuma da ko surukin nawa bai kai ga zama ba, sai in buɗe baki in ce masa tashi daga nan? Na gwammace ƙasa ta tsage.

Na tura jirgin muka ɗan bar gaɓa, na yi duk abin da ake yi, na naɗe igiya, na ja ta a hankali cikin ladabi, kamar mai zare ƙaya daga ƙafar jariri. Injin ya yi ɗan tari ya yi shiru. Na sake. Na kuma sakewa. Ina ja ina karkace hannu, ina satar kallon gemu. Kafin wani lokaci warin fetur ya cika wurin, na san na jiƙa fulogi. Gumi ya keto mini a cikin wannan sanyi, Baba kuwa yana jan carbinsa yana kallon tsuntsaye.

Mutane suka fara taruwa a gaɓa, masu jiran fito da masu kwandunan kifi, kowa da shawararsa. Wani ya ce a tofa masa addu'a, wani ya ce injin Bature ba ya tashi sai ya sha shayi. Na kwance fulogin, na taka ruwa zuwa wurin wata mai suyar ƙosai, na roƙe ta na gasa shi a bakin garwashinta har ya bushe ya yi zafi. Tana juya ƙosai tana tambayata ko in ya nuna da yaji zan ci.

A hanyar dawowa dabara ta faɗo mini, kuma har na yaba wa kaina. Tunda ruwan wurin iya cinya ne, me zai hana in tsaya a waje, a gefen jirgi, in fizgi igiyar ta nufi kogi maimakon fuskar Baba? Na mayar da fulogi da ɗuminsa, na buɗe cok, na buɗe wuta har ƙarshe don ya ƙone man da ya taru, na kafa ƙafa a laka, na yi bismilla, na fizga da ƙarfin da na tara tun safe.

Ya tashi. Wallahi bai taɓa tashi da daɗi irin na ranar ba. Ni na faɗi da baya cikin ruwa da igiya a hannu, kwalekwale kuwa ya ɗaga hanci ya yi gaba da Baba shi kaɗai.

Da na miƙe ina tofar da laka, sai na ga hannun injin ya karkace gefe, jirgin yana zagaye a tsakiyar kogi yana dawowa. Baba yana zaune cak, hannu ɗaya ya dafe hula, ɗaya ya riƙe gefen jirgi, ko ihu bai yi ba. Tsoro ya kama ni sosai, don in ya kife ba aure kawai na rasa ba. Abin da ake buƙata shi ne ya rufe famfon mai. Amma ko a lokacin bakina ya ƙi yi wa suruki tsawa. Sai na juya wa jama'ar gaɓa na ce, "Don Allah a gaya wa Baba, in ya ga dama, ya murɗa ɗan ƙarfen da ke ƙarƙashin tanki."

Suka kwashe da ihu gaba ɗaya, masu yi da Hausa, masu yi da Badanci, masu yi da Barbarci, ƙarar inji ta haɗiye duka. Duk sanda ya zagayo kusa da ni sai mu haɗa ido, ni kuma saboda sabo sai in sunkuyar da kai. Allah ya taimake ni zagayen ya yi ta faɗaɗa har jirgin ya kutsa cikin ciyawar ɗaya gaɓar, ta naɗe farfela, injin ya shaƙe ya mutu.

Baba ya gyara hula, ya ɗauki gorar tuƙi da ke kwance a jirgin, ya miƙe, ya turo shi a hankali har inda nake. Ashe garin bin sa da ido na yi ta shiga ruwa har ya kawo mini ƙirji. Da na ga ya tsaya a kaina, jikina ya yi abin da ya saba, na durƙusa don in ba da haƙuri. Ruwa ya rufe kaina ruf. Da wuyan riga ya tsamo ni, kamar tarwaɗa, ina jin dariyar mutane tun kafin kunnuwana su gama fitowa.

Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, tun ɗazu na ga hannunka ba ya sakewa. Me ya sa ba ka ce in matsa ba?"

Na ce, "Kunya, Baba."

Gemunsa ya ɗan motsa. Ya ce in hau. Shi ya tuƙa mu da gora har Dagona, ni ina zaune a gaba a kan tabarma ina karkarwar sanyi, na riga na sallama cewa maganar aure ta mutu.

Bayan 'yan kwanaki ya aika wa kawunnaina. Ya ce yaron ba shi da wayo ko kaɗan, amma wanda zai nutse a ruwa don kada ya ɓata wa babba, ba zai wulaƙanta masa 'ya ba. Ya ba ni, da sharaɗi ɗaya: ranar kai amarya da filafili za a tuƙa ta, a bar injin a gida.

Haka aka yi. Tun daga ranar na gane cewa ladabi na mutane ne, inji fizga yake so. Duk wanda ya shigo jirgina bayan nan, ko limami ne ko hakimi, kafin in tambaye shi kwanan iyali nakan ce masa ya matsa gaba. Baba kaɗai ban taɓa gaya wa ba har ya koma ga Allah, don shi da kansa bai sake yarda ya hau ba.