Yadda Ake Yi Wa Cinyar Ramammen Rago Kwalliya Da Lemo Da Zuma

Ɗan'uwa, gyara zama. Idan layyar bana ta same ka da ragon da ake hango haƙarƙarinsa tun daga bakin tabki, kuma ka san cinya ta gidan surukai ce, to ka zo inda ya dace. Ni Lawali mai lambun lemo na nan Madarumfa na yi maka alkawari: ka bi matakan nan, cinyar da ta fi kama da muciya za ta shiga zauren surukinka tana walƙiya, kai kuma ka fito ana sa maka albarka. Dabarar ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Don kada mu yi ta kewaye-kewaye, bari mu sa wa mutanenka suna. Matarka Ramatu ce. Mahaifinta shi ne Malam Sa'idu na Gabi. Yayarta Halima tana auren Musa mai kamyo, babbar motar kaya, wanda ragonsa sai da igiya biyu ake ɗaure shi. Kowace shekara, washegarin Sallah, ana ajiye cinyarka da ta Musa a tabarma ɗaya gaban tsoho, Halima ta dube su, ta yi wani ɗan tari. Tarin nan ya ishi Ramatu. Bana ta ce ba inda za ta, kuma ka san in ta ƙi zuwa, wannan ce Sallar farko da ba ta gai da mahaifinta ba, ranta kuma ba zai yafe maka ba. In sunayen gidanku sun bambanta da waɗannan, sai ka canza.

Mataki na ɗaya: Ka musuluntar da dabarar

Gaskiya asalin abin na Nasara ne. Wani kuku da ke sayen lemona a Maraɗi ya ba ni labarin yadda maigidansa ke yi a idinsu na farkon zafi, da cinyar wata dabba da ba ma kiran sunanta kusa da abinci. Na yi a'uzubillahi, na kuma saurara da kyau. Lemo dai halal ne, zuma kuwa har magani ce. Ka cire dabbar ka sa ragonka, shi ke nan dabara ta yi kalmar shahada.

In wani ya tambaye ka inda ka koya, ka ce girkin mutanen gabas ne. Ba wanda ya san inda gabas ta ƙare.

Mataki na biyu: Ka sace cinyarka da kanka

Ka san yadda muke yi. In an yanka an feɗe, sai a baje kowane rago a kan sanduna, a kafa su kewaye da wuta ɗaya ta unguwa, kowa yana kallon na kowa. Nan ne ake tona asirin magidanta. Saboda haka tun a cikin gida ka zare cinya ɗaya, ka ɓoye ta ƙarƙashin ƙwarya, sannan ka fito da sauran ragon kana tafiyar ƙasaita.

Dole wani ya tanka. Akwai irin mutumin nan a kowace unguwa.

"Kai, mi ya samu ragonka? Da ƙahwa ukku anka haihe shi?"

Kada ka yi fushi. Ka dubi sama kaɗan, ka ce, "Guda ta tahi aiki na musamman." Ka bar shi da wannan, zai yini yana tunani.

Mataki na uku: Wanka da kitso

Koma gida da sauri. Matse lemun zaƙi har sai hannunka ya gaji, ka ƙara na tsami kaɗan don ya san ba wasa aka zo yi ba. Daka citta da tafarnuwa da masoro da gishiri, ka zuba. Ka kwantar da cinyar a ciki, ka bar ta ta sha iyakar shanta. Ragon da bai ƙoshi da ransa ba, ai ya kamata ya ƙoshi yanzu.

In ta jiƙu, ɗauko wuƙa mai kaifi ka tsattsaga bayanta a gicciye, kamar zanen ƙwarya. A kowace mahaɗa ka soka kanumfari ɗaya. Amfanin wannan biyu ne. Ƙamshi zai shiga ciki, kuma idon mai kallo zai tsaya a kan zanen ya manta da neman tsoka.

A daidai nan Ramatu za ta fito daga ɗaki, ta riƙe ƙugu.

"Malam, kitso kaka yi ma nama?"

"Sallah ta, kowa da kwalliyatai."

"Ko lalle ka sa mishi, ni dai ba ni zuwa Gabi."

Ka ci gaba da aikinka. Masani ba ya gardama da hannu cikin lemo.

Mataki na huɗu: Tukunya

Nasara yana da wani akwatin ƙarfe mai wuta a ciki. Kai kana da tukunyar ƙasa ta Ramatu, wadda za ka ara ba tare da dogon bayani ba. Ka sa cinyar da ruwan lemonta, ka rufe, ka liƙe bakin da ƙullun gero. Garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi.

Ina za ka samu garwashin? Wutar unguwa mana. Ka riƙa zuwa da tsohuwar tasa kana cewa ka zo duba ragonka, kana ɗiba kana komowa. In an yi magana, ka tuna musu cewa ragonka ƙafa uku gare shi, don haka kana bin wutar nan kason ƙafa ɗaya.

Sai haƙuri. Wuta ta zama mai sanyin hali, ta yi ta aikinta har rana ta faɗi. Kada ka buɗe. Na san za ka buɗe, amma dai na faɗa.

Mataki na biyar: Zuma, da masu zumar

Washegari da hantsi ne babban aiki. Dafa zuma da sabon ruwan lemo da ɗan kankaren ɓawonsa, har ya yi kauri yana bin cokali. Fito da cinyar a hankali, don yanzu ta yi laushin da in ka yi mata tsawa za ta rabu da ƙashinta. Ɗauko gashin kaza mai tsabta ka shafe ta, ka kara ta a garwashi, ka sake shafawa, ka sake karawa. Za ka ga ta yi ja, ta yi ƙyalli, har ka hango fuskarka a jikinta. Wallahi a nan ni kaina sai da na yi mata sallama.

To, akwai wata 'yar magana. Layyar shekarun nan a tsakiyar bazara take faɗowa, lokacin da ƙudan zuma ke yawo da ƙishirwa da baƙin rai. Za su ji ƙamshin kayansu. Za su zo bincike, su da danginsu na garin Sarkin Yamma.

Kada ka gudu, in ka gudu cinya ta ƙone. Ka tsaya ka kare ta da jikinka, hannu ɗaya na shafa zuma, ɗayan na fifita da hula. Za su harbe ka a kumatu da leɓe da fatar ido. Ka gode musu. Kafin azahar fuskarka za ta cika ta yi sheƙi, duk wanda ya gan ka a Gabi zai ce lambu ya karɓe ka bana. Musa ya yi shekaru yana cin maiƙo kafin ya samu kumatun da ka samu a hantsi ɗaya.

Mataki na shida: Ƙaramin faranti

Wannan sirri ne, ka rage murya. Babban faranti maƙiyin talaka ne. Nemi mafi ƙanƙanta a gidan, wanda cinyar za ta leƙo ta kowane gefe kamar wurin ya yi mata kaɗan. Duk inda ƙashi ya nuna kansa, rufe shi da yankan lemo.

Sannan ka ajiye farantin a tsakar gida, ka yi kamar kana neman takalminka. Ramatu za ta zo wucewa. Za ta tsaya. Za ta dangwali abin da ya ɗiga a gefe ta kai baki, ta dubi cinyar, ta dubi kumburarriyar fuskarka, dariya ta ƙwace mata har ta dafa bango. Daga nan sai dai ka ji tana buɗe akwatin zannuwan Sallah. Maza ka nemo amalanke kafin ta sake shawara.

Mataki na bakwai: A zauren Malam Sa'idu

Tuɓe takalmi tun daga waje, ka durƙusa, ka gaishe shi da leɓen da ya rage maka. Cinyar Musa tana nan ta riga ku, ƙatuwa, ta sha wutar unguwa ta bushe ta yi tauri yadda ake so. Ramatu za ta ajiye taku kusa da ita. Halima za ta gyara murya, tarin nan yana hanya.

Ga abin da ba wanda ya lura da shi duk shekarun nan, don kowa girman cinya yake kallo. Malam Sa'idu ba shi da haƙori. Kowace Sallah yakan shafa naman, ya sa albarka, ya ce a kai wa jikoki, shi kuma ya sha furarsa.

Yau ƙamshi zai sa ya miƙa yatsa ya taɓa taku, don ladabi kawai. Yatsan zai nutse. Zai tsaya. Zai ɗan ja, tsoka ta biyo shi ba gardama. Zai kai baki, kowa a zauren yana kallon motsin dasashinsa. Zai sake miƙa hannu, ya sake, zuma tana bin gemunsa.

"Ramatu," in ji shi, "wa ya yi wanga aiki?"

"Shi na, Baba."

"Rabona da naman layya tun shekarad da haƙorana sunka ƙare. Kunya ta hana ni hwaɗi. Ashe ina da sauran rabo." Sai ya dube ka da kyau. "Allah shi yi ma albarka, ɗana. Kuma ka yi ƙiba."

Ka sunkuyar da kai. In ka saci kallon Ramatu za ka ga tana share ido da bakin mayafi tana murmushi. Halima kuwa tarin zai koma inda ya fito. Ita ce ma za ta tashi ta kawo wa tsoho ruwan wanke hannu, tana tambayar ƙanwarta a hankali ko lemun zaƙi ne ko na tsami.

Mataki na takwas: Ka hana tsohon ba da labari

Wannan matakin ban san yadda ake yin sa ba.

Sanarwa

Ni Lawali ba ni da alhakin kumburin fuska, ko fashewar tukunyar matar aure, ko rigimar garwashi da mutanen unguwa. Haka kuma ba ruwana idan Malam Sa'idu ya kwashe labari ya kai masallaci, aka wayi gari duk wani tsoho marar haƙori daga Gabi har Sarkin Yamma ya gano cewa yana da sauran rabo. Ba ruwana idan Sallah ta zagayo ka tarar da cinyoyi jere a ƙofar gidanka, har da ta Musa, wadda ba ta shiga kowace tukunya, shi kuma yana tsaye yana kiran ka Malam. Duk abin da ya same ka kai ka jawo, ni shawara kawai na bayar.

Amma in ka ga hannunka ya faɗa, don girman Allah ka biyo ta gidana ranar Sallah da tukunyarka da gashin kazarka. Tsofaffin sun fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma matata Ramatu ta riga ta yi musu alkawari da sunana.