Mai Ɓoye Iri

"Lafiya lau, tsohuwa. Ashe har yanzu ba ki mutu ba?"

"In mutu wa zai gaji takalmin nan naka mai kama da turmi? Zauna, angon banza."

Kofur Gwadabe ke nan da kakarsa Hansai, a Gafasa, a bazarar shekarar da aka gama yaƙin basasa. Ya zo hutu da zaɓi a hannunsa: ko ya karɓi sallama, ko ya koma bariki. Gonar marigayi ubansa kuwa ta zama saura. Hansai ba ta ce masa ya bar soja ya kama gona ba, don a ganinta roƙon miji zubar da girma ne.

"Ina bindigar? Ko a can ma ludayi suka ba ka?"

"An karɓe. Yaƙi ya ƙare, kowa ya mayar, an kulle a ma'aji."

"Waɗanda aka nuna muku ke nan. Na ƙarƙashin ƙasa fa?"

"Wa ya gaya miki?"

"Duk kasuwar Gaya ta sani."

"Wato hafsoshin daddawa sun yi taro. Tsohuwa, soja ba ya ɓoye-ɓoye."

"Kai da ko goro ba a ba ka ajiya, wa zai nuna maka? Gidan da ya taɓa ganin yunwa ba ya rasa rumbun tsimi, kuma ba a gaya wa yara inda yake."

Gwadabe ya juya hularsa.

"In ma akwai, ai alheri ne. Na ga ranar da harsashi ya ƙare mana a bakin wani kogi. Da akwai tsimi kusa, da Bala na Toranke ya dawo gida."

"Allah ya jiƙan Bala. Amma ka yi kuskuren suna, ni ma na yi. Tsimi ci ake yi a ƙoshi. Bindiga iri ce. Wanda ya ɓoye iri kuwa, damina yake jira."

"Kin zama janar ke nan."

"Na girmi janar ɗinku, na ga ranar da aka yi masa kaciya."

"To, ranki ya daɗe, ke da kika san sirrin kowa, naki fa? An ce bara Kawu Inuwa ya nemi irin dawa, kika ce ko ƙwaya babu."

"Cewa na yi babu nasa."

Ta miƙe da ƙyar, ta shiga ɗaki. Aka ji ana jan tulu daga ƙarƙashin gado. Ta fito da zangarniyar kaura, jawur, toka na zuba daga jikinta.

"Irin ubanka. Kowace damina ina shuka shi a bayan ɗaki don kada ya mutu. Ga nawa makaman, kuma ni ma damina nake jira. In ta masu bindiga ta sauka, gara ta same ka a cikin taka."

Gwadabe ya murza ƙwayar a tafinsa, ya sunsuna. Sai dariya ta kama shi, irin wadda ke sa mutum share ido. Ya sunkuya ya fara kwance igiyar takalminsa.

"Kin ci yaƙi, amarya. Ga gadonki tun ina da rai."

"Ajiye can gindin rumbu. Dama kazata ba ta da akurki."