Tayoyin Sanyin Babangida

Ba zan taɓa mantawa da sanyin shekarar da na aurar da autata ba. Na ce sanyi, amma duk wanda ya zauna a Jidda ya san abin da muke kira sanyi: 'yan makonnin nan da ake kashe na'urar sanyaya ɗaki a buɗe taga, sai ka ga samarin unguwarmu ta Ruwais sun fito da rigunan gashi har wuya, suna gumi a ciki don kar a ce ba su da su. Shekarar ta yi mini faɗi. Malam maigidana ya riga mu gidan gaskiya, yara sun watse, gida ya koma daga ni sai agogon bango. Uwa kuwa in ta rasa wanda za ta yi wa hidima, a yi hattara da ita, don sai ta nemo.

Babban ɗana yana Kanada da matarsa Amira. Ɗan fari ne, ba na kama sunansa, Babangida nake ce masa. Kuma yadda aka rene mu a Funtuwa, ba a nuna damuwa da ɗan fari. In ya kira, sai in tambayi lafiyar matarsa, da ta maƙwabtansa, da ta limaminsu, shi kuma ya tsinci tasa a ciki.

Wata Juma'a ya kira ni ta bidiyo yana nuna mini sabuwar motarsa. Ja ce, mai ƙofa biyu, ta kwanta a ƙasa kamar ƙadangare yana shan hantsi. (Na duba inda za a sa buhun shinkafa, ban gani ba. Na duba inda uwa za ta zauna, nan ma babu. Na ce Allah ya sa albarka.) Yana cikin yabonta sai ya ce, "Matsalarta ɗaya, Umma, tayoyin baya ne ke tura ta. In ƙanƙara ta sauka a titi, sai bayanta ya riƙa wullawa gefe. Dole in zaɓi tayoyin sanyi kafin wata ya ƙare."

Na ce, "To madalla. Ya limaminku?"

Na ajiye wayar, tuwon ranar bai shiga ba. Mota tana wulla baya a kan ƙanƙara, da ɗana a ciki, ni kuma bakina a ɗaure.

Ana haka sai ga waya daga surukata, Hajiya Nafisa, mahaifiyar Amira. Haifaffiyar Jidda ce, gidansu a unguwar Abhur, Hausarta rabi Larabci. Ta ce za ta je wajen yaran mako mai zuwa. "In akwai ɗan saƙo, Hajiya, ki kawo ran Alhamis. Za mu yi ɗan abincin rana na sallama."

Kun dai san ɗan saƙo a bakin mutanenmu. Ba a taɓa yin matafiyin da ya tafi da nasa kayan kaɗai ba. Na taɓa ganin wadda aka ba turmi ta kai Kano. Sai na ce a raina, ashe Allah ya kawo hanya. Abin da baki ya kasa faɗi, saƙo zai faɗa.

Na sa Amira ta karanto mini lambar da ke jikin tayar, na ce maƙwabcinmu Malam Sale ne ke tambaya (Allah ya yafe mini). Na rubuta a littafina, da rubutun nan nawa na ajin yaƙi da jahilci, kowane baƙi da girmansa. Washegari Malam Sale ya ɗauke ni a 'yar motarsa ta ɗaukar kaya zuwa wajen masu taya, can hanyar Madinar Masana'antu.

A shagon farko na yi bayani da ɗan Larabcina. Mai shagon ya dube ni, ya dubi rana, ya ce, "Ya Hajja, tayar ƙanƙara? A Jidda?" Ya kira abokin aikinsa ya maimaita masa. Shi kuma ya nuna mini kanti a tsallaken titi ya ce ƙanƙara dai can ake sayarwa, a leda. Mai shago na biyu ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Mafi," wato babu.

A na uku na daina tambaya. Shekara talatin ina cefane, ba wanda ya taɓa zaɓar mini tumatir. Na yi lissafina irin na uwa. Kayan sanyi ai mai kauri ake nema, kamar bargo, don haka na wuce duk sirara na tsaya a kan wasu masu manyan haƙora, na danna da babban yatsa, ko motsi ba su yi ba. Tunda kuma ƙafafun baya ne ke tura motar, biyu sun isa, ɓarna ba kyau. Mai shagon ya karɓi littafina ya duba, ya ce waɗannan sun fi lambar girma nesa ba kusa ba. Na yi masa murmushi. Yara biyar na rena, ban taɓa sayen takalmi daidai ƙafa ba.

Malam Sale ya yi gyaran murya. "Hajiya, anya?"

"Malam Sale, matar direba ce ni shekara talatin."

"Haka ne, Hajiya ta fi ni sani," in ji shi. (Shekara talatin ɗin nan, abin da na taɓa a mota bai wuce ƙofa ba.)

Da muka zo gida sai na ga cikin tayoyin fayau, rami guda a banza. Wa ke aika kwano babu komai a ciki? Na cusa kuka, da kuɓewa busasshiya, da yaji, da daddawa ƙulli takwas. Na naɗe kowace taya da atamfa mai kyau na ɗaure tam.

Ran Alhamis na tarar da falon Hajiya Nafisa cike da mata, turaren wuta na tashi, darduma fara tas. An jingina babbar waya a kan tebur, Amira da Babangida suna ciki suna gaisawa da dangi. A gefe ga akwatunanta biyu an auna an rufe. Wata ta kawo 'yar kwalbar zuma, wata dabino kwali ɗaya.

"Ina saƙon naki, habibti, 'yar'uwata?" in ji Hajiya Nafisa.

Na ce yana waje, ana shigo da shi.

Maza ba sa shiga falon, don haka Malam Sale ya tsaya a bakin ƙofa ya turo. Ta farko ta gangaro a hankali ta kwanta. Ta biyu ta zo da ƙarfinta, ta bi ta tsakiyar mata sanye da atamfa kamar ita ma an gayyace ta, ta daki ƙafar tebur. Ɗaurin ya kwance. Kuka ta yi kore a kan farar darduma, daddawa ta watsu, nan take ta kori turaren wuta daga ɗakin.

Daga cikin waya na ji muryar ɗana.

"Umma... waɗannan na wace mota ne?"

"Taka."

"Umma, na jif ɗin hawan rairayi ne fa. In na sa su, sai na nemo tsani."

Na gyara mayafi na ce a hankali, "Na ɗan ƙara lamba ne, don su daɗe."

"Umma, mota ba ta girma."

Wayyo! Amira ce ta fara, ta ɓace daga cikin wayar, sai dariyarta muke ji. Falo ya ɗauka. Wata tsohuwa, gwaggon Hajiya Nafisa, tana share hawaye tana cewa, "Ku bar ta, wallahi da gaskiyarta. Ni ma siriri na auri nawa, ku dube shi yau." Hajiya Nafisa kuwa ta dubi tayoyin, ta dubi akwatunanta, ta ce, "Ya Allah, a kaina zan ɗora su ko a cinya?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige, har da atamfata.

Babangida ya yi ta bayani, da ladabinsa. Wai tayar sanyi ba kauri ake nema ba, laushi ne, don ta kama titi in komai ya daskare. Wai huɗu ake sawa, in ka sa biyu a baya, gaba ne zai ƙi juyawa. Wai kuma tun ran Litinin ya sa nasa, shagon ya fi masallaci kusa da gidansu.

Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba. A gaban surukai, a gaban baƙi, na ce, "To ni dai kar ka zame. Kai kaɗai nake gani in na rufe ido."

Dariya ta tsaya. Shekararsa talatin da huɗu bai taɓa jin irin wannan daga bakina ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba zan zame ba, Umma." Hajiya Nafisa ta matso ta kama hannuna ta ce, "Halas, shi ke nan, Hajiya. Ni ma tun da na ga motar nan nake sadaka." Ta buɗe akwati, ta fitar da takalmanta biyu, ta sa daddawata a gurbinsu.

Abin da na koya shi ne, maganar da za ta shiga cikin numfashi ɗaya, in ka ƙi faɗinta, sai ka ɗauko ta a motar kaya, kowa na kallo.

Washegari da safe na sa aka hau mini da tayoyin saman bene. Na kwantar da su, na cika su da ƙasa, na shuka barkono a ciki. In ya nuna zan daka yaji in aika masa. Yaji kam na san lambarsa.