Allon da Kuka Bar Mana a Kan Sittin

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kamfanin da ya ƙera allon wasan kwamfutar da ke falonmu, da manyan injiniyoyinsa, da bawan Allahn da ya rubuta takardar bayani, Allah ya ƙara masa ƙarfin ido.

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon ku yafe mini katse muku aiki da na yi. Na san mutanen da kayansu ke sake hoto sau ɗari da arba'in da huɗu a daƙiƙa ɗaya ba su da lokacin mace irina, wadda sai ta juya magana a baki ta sake juyawa kafin ta furta. Da ina da wata ƙofar da zan ƙwanƙwasa, da ban dame ku ba. Amma ranar Asabar mai zuwa za a sa ni shaida tsakanin mijina da amininsa a kan allonku, kuma yadda al'amarin yake a yau, ko dai in yi ƙarya ko in kunyata mijina a cikin falonsa. Ban iya na farko ba, ba na kuma son na biyu.

Ban ambaci sunan kamfaninku ba, ko da yake ga shi ɓaro-ɓaro a jikin kwalin da ke saman durowa. An rene ni a kan rufa wa mutum asiri, kuma rufin asirin nake nema a wurinku.

Maigidana, wanda nake kira Malam, tsohon direban babbar mota ne. Ciwon baya ne ya sauke shi daga hanya. Da ya ajiye tuƙi sai ya ajiye magana. Ya koma kujerar bakin taga yana kallon motocin mutane suna wucewa. In an kawo abinci ya ce an gode, in an kwashe ya ce an gode. Mijin babbar 'yarmu ne ya kawo masa kwamfuta da wasan tseren mota, har da sitiyari da totur da birki. Ranka ya daɗe, mutum ya farfaɗo. Na sake jin muryarsa daga kicin yana yi wa direbobin cikin wasa faɗa, yana tambayarsu waye ya ba su lasisi. Sannan ya ji labarin allonku, ya ce shi da tsohon allo sai a lahira. Na yi addu'a, aka sayo. Ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya, ƙafar allon. A jikin kwali kun zana wani mutum yana murmushi, yana haɗa allo da ƙafarsa da hannu ɗaya. Ina son in san ko wannan mutumin yana raye, in kuma yana raye ko yana zuwa gidaje. Malam ya taɓa sauke injin mota a tsakiyar daji shi kaɗai, amma ƙafarku ta sa shi durƙuso. Ni na rungume allon a ƙirji kamar jariri mai zazzaɓi, shi yana rarrafe ƙarƙashin kujera yana neman wani ɗan noti da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Muka same shi a cikin takalmina. Na yafe wannan, na faɗa ne kawai don ku sani.

Na biyu, wayar. Kun saka wata waya mai kaurin kai a cikin kwali, a ledarta, ba ku ce mata komai ba. Malam ya ɗaga ta, ya juya, ya ce, "Waya ai waya ce," ya jona tsohuwar da ya saba da ita, hoto ya fito. Taku kuwa ya ɗaure tagar kicin da ita, wadda iska ke bugawa tun muna sabbin zuwa gidan. Ina shaida muku wayarku tana da inganci, tagar ba ta sake motsi ba. Amma shin laifi ne a liƙa mata 'yar takarda a ce, "Ni ce mai aikin, kada a ɗaure taga da ni"?

Na uku, rubutun da kuka yi a gaban kwali da manyan lambobi, har da hoton walƙiya. Ni allon da na yi karatu da shi, sai ka riƙe abin da ke kansa kafin a wanke a rubuta maka sabo. Naku an ce shi yake wanke kansa ya sake rubutu sau ɗari da arba'in da huɗu kafin mutum ya ce bismillah. Tsofaffin alluna sittin suke yi. Malam ya haddace wannan lamba fiye da ranar haihuwar 'ya'yansa. Mai gyaran famfo ya ji ta. Surukarmu ta zo gaisuwa ta ji ta. Kowa ya shigo sai an zaunar da shi a gaban allo an ce, "Ka ga santsi? Ka ga yadda kwalta ke gudana kamar ruwa?" Mutane kuwa masu ladabi ne, sai su ce lallai, ma sha Allah. Ni in ya tambaye ni, nakan ce allon yana da haske, domin yana da haske.

Mutum ɗaya ne bai ce ma sha Allah ba, amininsa tun ƙuruciya, mai shagon tabarau a bakin titinmu. Mai Tabarau ya zauna, ya goge gilashinsa, ya kalli allon ya daɗe, sannan ya ce, "Direban falo, an sayar maka da lamba. Idon ɗan Adam ba ya ganin abin da ya wuce sittin. Da wannan da tsohon naka, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya."

Malam ya ce, "Makaho mai sayar da ido! Kai da sai ka ɗaga tabarau sannan ka gane matarka, kai za ka faɗa mini abin da ido ke gani?"

Da wasa aka fara, kamar yadda suka saba. Amma yanzu Mai Tabarau ya daina shigowa shan shayin la'asar, Malam kuma in zai je masallaci sai ya tsallaka titi don kada ya bi ta gaban shagon. Maƙwabta suka shiga tsakani, aka yanke cewa ranar Asabar za a jera tsohon allo da sabo a kan tebur ɗaya, a kunna wasa ɗaya, a sa wani ya duba ya faɗi gaskiya. Aka rasa wanda duka biyun suka yarda da shi. Sai Mai Tabarau ya ce, "A sa Hajiya. Ita ko miyarta ce ta yi gishiri, da bakinta take faɗa." Malam ya ce ya amince, ya kalle ni yana murmushi irin na wanda ya riga ya ci shari'a.

Na huɗu, kuma a nan nake roƙon ku gyara zama. Autarmu, wadda ke zanen gine-gine a kwamfuta a wurin aikinta, ta zo mana yini. Malam ya fita aski, ta zauna za ta aika wani saƙo da kwamfutarsa. Ta motsa 'yar kibiyar nan da ke yawo a kan allo, sai ta ɓata fuska. Ta buɗe wani wuri, cikinsa ta buɗe wani, cikin wannan ma ta buɗe wani, kamar mai neman allura a cikin akwatunan aure. Sai na ga ta kife kai a kan tebur, kafaɗunta suna rawa. Na zaci kuka take yi, ashe dariya ce.

Ta ce, "Umma, a kan sittin yake."

Na ce mene ne a kan sittin.

"Allon Baba. Tun ranar da aka kunna shi. Haka suke fitowa, sai mutum ya shiga saiti ya ɗaga da kansa. Tsohuwar wayar nan ma ba za ta ɗauki abin da ya fi haka ba. Ina wayar da ta zo a kwali?"

Na nuna mata tagar kicin. Sai da na kawo mata ruwa.

Ranka ya daɗe, ina tambaya cikin ladabi. Wanda ya sayar wa mutum doki mai gudu, ya kawo masa shi da dabaibayi a ƙafa, bai ce masa kwance ba, ya kuma tsaya yana kallo mai dokin yana yabon gudunsa a gaban jama'a wata da watanni, me za a kira shi? Ni ban kira ku komai ba. Tambaya na yi.

Na biyar, takardar bayani. Auta ta ce dole kun rubuta a wani wuri, kuma ba zan zalunce ku ba, kun rubuta. Mun same shi can wajen ƙarshe, da rubutun da sai da na aro tabaran Malam na ɗora a kan nawa. A samansa, da manyan baƙaƙe, kun gargaɗe mu kada mu tsoma allon a ruwa, kada kuma mu ci ɗan ƙullin farin garin da ke cikin kwali. Mun gode da kulawa. Shin a cikin masu sayen kayanku, waɗanda ke cin wannan ƙulli sun fi waɗanda ke son allonsu ya yi aiki yawa ne?

Na shida ba ƙara ba ce, shaida ce. Auta ta kwance wayar daga taga, ta jona, ta ɗaga lambar, ta ce in zauna in riƙe sitiyari. Na ce ni da ko keke ban taɓa hawa ba. Ta ce ai ba wanda zai mutu. Na taka totur. Itatuwan bakin hanya, da kullum nake ganinsu kamar an shafa koren fenti da tsumma, sai ga su da rassa da ganye. Na bugi katanga, amma na ga katangar sarai kafin in buge ta, har da tsagin da ke jikinta. Ba na rantsuwa a kan abin wasa, amma na gani da idona. Da muka hango Malam ya shawo kwana da sabon aski, muka mayar da komai yadda yake, waya ta koma taga, allo ya koma sittin.

To ku dubi inda kuka ajiye ni. Mai Tabarau ya faɗi gaskiya da ya ce allunan biyu ɗaya ne, amma dalilinsa ba daidai ba ne, domin ido yana gani. Malam ya faɗi gaskiya da ya ce allonku ya fi, sai dai shi bai taɓa ganin fifikon ba. In na bar abin haka, ranar Asabar dole in ce babu bambanci, a gaban maƙwabta, kuma na san kujerar da Malam zai koma. In na ce akwai, na yi shaidar zur saboda wasan mota, ban san da wane baki zan yi bayanin wannan gobe kiyama ba. In na gyara a ɓoye, na zama alƙalin da ya taɓa kayan shari'a kafin zama, ga taga kuma za ta fara bugawa ta tona ni. In kuwa na zaunar da shi na ce, "Malam, santsin nan da kake nuna wa baƙi, babu shi," to daga bakina ya ji, kuma akwai maganar da namiji zai iya ji daga bakin kowa ban da na matarsa.

Saboda haka ga roƙona, kuma ba ƙarya nake so ku yi ba. Lambar wayar Malam tana wurinku, ya ba ku ita lokacin rajistar garanti. Ku aika masa saƙo, da sunan kamfani da tambarinsa, ku ce allunanku suna barin masana'anta a kan sittin, ba ku faɗa da babbar murya ba, kuma laifinku ne. Ku nuna masa inda ake ɗagawa, ku ce a yi amfani da wayar cikin kwali. Kada ku saka kalmar "kuskurenka" ko sau ɗaya. Na san mijina. Duk rayuwarsa a kan hanya bai taɓa samun abin da ke faranta masa rai kamar laifin masu ƙera mota ba. Zai karanta saƙon da ƙarfi, ya yi muku faɗan da ya dace, ya tsallaka titi da kansa ya kai wa Mai Tabarau, ya ce, "Ashe ma a ɗaure yake! Zo ka ga yadda zan kwance shi." Da hannunsa zai gyara, a gaban kowa. Sannan in an tambaye ni, in faɗi abin da na gani hankalina kwance, in ɗora musu shayi.

Kada ku ji tsoron cewa zai ga wannan wasiƙa tun da a fili na rubuta ta. Malam ba ya karanta abin da ba ya gudu. Takardarku ta bayani ma, ni da Auta ne muka fara cire ta daga leda.

Allah ya ɗaukaka kamfaninku, ya ƙara wa allunanku sauri, ya ba ma'aikatanku ikon faɗin abu tun a shafin farko. Igiyar taga ni zan nema, ba sai kun damu ba. Ina roƙo dai ku amsa da wuri, kafin Asabar.

Taku mai biyayya, mai ganin girmanku ko a kan sittin,

Matar tsohon direba,
shaidar ranar Asabar.