Ni da Harafin T

A makarantar mishan an koya mana cewa duk harafin da aka rubuta yana da hakkin a furta shi. Da wannan aƙida na isa unguwar Harlem a Amurka, ranar da 'yan Arewa da muka yi horo a makarantar ƙungiyar masu ba da rancen jinginar gida suka gayyace ni in ba da tarihinta. An san ni da cewa ban taɓa kuskure ba, kuma sunan nan na je karewa.

Mai gabatarwa, 'yar abokina Bitrus, da ta zo kan mortgage, sunan wannan rance da Turanci, sai ta ce "mogej". Na ajiye tarihin gefe, na gyara tabarau.

"'Yata, ba a haɗiye harafi gaban manya. Motgej ake cewa. Maimaita."

Ta rusuna. "Baba, ai T ɗin ba a faɗinsa."

Bitrus ya danna wayarsa, ta furta kalmar ba T. Na umarta a sake. Ta sake.

Har yau, bayan sujada, matar Bitrus kan miƙo mini shayi ta ce, "Malam, ga ti. Wannan kam ba mai hana ka."